Murhun kamado na tangaran: tambayoyi da amsoshi kan gashin nama a farfajiyar gida

A Amurka da Turai, gasa nama a farfajiyar gida ranar hutu al'ada ce mai ƙarfi, kuma a gefen murhun gas da na ƙarfe da aka saba gani, wani murhu mai siffar ƙwai, kore ko ja ko baƙi, ya samu gindin zama a gidaje da yawa. Sunansa kamado. 'Yan uwa mazauna waɗannan ƙasashe da masu ganinsa a bidiyon girke-girke sukan yi tambayoyi a kansa, kuma ga amsoshin waɗanda suka fi yawa, gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da hannuna.

Mene ne kamado, kuma yaya aka gina shi?

Kamado babbar tukunya ce ta tangaran mai kaurin bango, wadda aka raba gida biyu, gindi da murfi, aka ɗaure kowanne da ɗamarar ƙarfe, aka haɗa su da hinji domin murfin ya buɗe ya rufe ba tare da an sauke shi ba. A cikin gindin akwai kaskon wuta, shi ma na tangaran, mai ramuka, inda ake zuba gawayi, a samansa kuma akwai zoben da ragar gashi take zama a kai. Ƙofofin iska biyu ne kacal, ɗaya a ƙasa mai marfin ƙarfe da ake turawa gefe, ɗaya kuma a ƙololuwar murfi inda hayaƙi yake fita. A jikin murfin akwai ma'aunin zafi, a bakinsa kuma an liƙa wani kauri mai laushi, irin abin da makanikai suke kira gaskit, domin ya toshe duk wata kafa idan an rufe. Ba ya buƙatar lantarki ko gas ko fifita. Dukkan aikinsa ya rataya ne a kan gawayi da iskar da mai gashi ya ga dama ya bari ta shiga.

Daga ina ya samo asali?

Kalmar kamado ta Japananci ce, ma'anarta murhu. A Japan an daɗe ana gina murhun laka a cikin ɗakin girki, kuma daga baya aka samu wani nau'i da ake iya ɗauka, mai murfi kamar tulluwa, wanda ake kira mushikamado, ana dafa shinkafa a cikinsa. Ya yi tashe kafin murhun gas da tukunyar shinkafa ta lantarki su ture shi, musamman bayan da kamfanin Toshiba ya fitar da tasa tukunyar a 1955. A daidai lokacin da mutanen Japan suke ajiye shi, sojojin Amurka da suka zauna a ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka gano cewa idan aka cire tukunyar shinkafar aka ɗora raga, nama yana gasuwa a ciki ba tare da ya bushe ba, sai suka riƙa komawa gida da shi.

Mutumin da ya mayar da abin kasuwa mai girma shi ne Ed Fisher, wanda ya buɗe shago a birnin Atlanta na jihar Jojiya a 1974. Da farko injunan wasan pachinko na Japan ne babbar hajarsa, kamado kuwa kayan gefe ne, kuma yakan gasa fukafukan kaji a ƙofar shago domin ƙamshi ya jawo masu wucewa. Shi ne ya raɗa wa murhun suna Big Green Egg, wato babban koren ƙwai. Na farkon na laka ne, suna tsagewa idan wuta ta yi yawa ko sanyi ya doke su, don haka daga baya kamfanin ya koma yin su da tangaran mai jure wuta a ƙasar Meziko. Wasu kamfanoni sun biyo baya, kamar Primo mai siffar doguwar ƙwarya, da Kamado Joe mai launin ja wanda aka kafa a 2009 shi ma a Jojiya, da Monolith na Jamus.

Shin ba tanderu ba ne aka yi wa ado?

Dangantakar tana nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu gurasa a Jakara cikin birnin Kano zai gane ta nan take. Tanderu tukunyar laka ce da ake hura wuta a gindinta har bangonta ya ɗauki zafi, sannan a liƙa ƙullin a jikin bangon, zafin lakar ne yake gasa shi. Haka tandur na Indiya da Pakistan yake, kuma hikimar guda ce: laka tana ɗaukar zafi a hankali, tana riƙe shi, tana sakin sa daidai wa daida.

Inda suka rabu shi ne wurin iska. Bakin tanderu a buɗe yake yawancin lokacin aiki, wutarsa mai ƙarfi ce, kuma an yi shi ne domin abin da zai gasu cikin mintuna kaɗan. Kamado kuwa yana rufuwa ruf, mai gashi yana iya rage iskar har garwashin ya koma yana ci kamar mai barci, ya kwana a haka. Wannan iko a kan iska shi ne ya ba shi damar yin aikin tanderu da na tukuba da na murhun banda duka a jiki ɗaya.

Me ya sa mutane suka rungume shi haka?

Dalili na farko shi ne naman da yake fitowa daga cikinsa. Murhun ƙarfe mai siririn jiki yana zubar da zafi ta ko'ina, saboda haka dole wutarsa ta riƙa ci da ƙarfi, kuma wuta mai ƙarfi tana jan iska mai yawa, iskar kuwa tana wucewa ta kan nama tana kwashe danshinsa. Bangon kamado, mai kaurin santimita biyu zuwa uku, ba ya barin zafi ya tsere, don haka 'yar wuta kaɗan ta isa, iska kaɗan ce take ratsawa, kuma zafin yana sauka a kan naman daga murfi da bango kamar yadda yake tasowa daga ƙasa. Kazar da aka gasa a haka fatarta takan yi ƙaras-ƙaras, idan aka yanka ƙirjinta kuma ruwa ya biyo wuƙa.

Na biyu shi ne tsimin gawayi. Cikin kasko ɗaya yana iya kai fiye da awa 12 idan a ƙaramar wuta ake aiki, kuma idan an gama aka rufe ƙofofin biyu, wutar takan mutu don rashin iska, ragowar gawayin ya jira gashi na gaba. Na uku shi ne rashin damuwa da yanayi, domin a ƙasashen da ƙanƙara take sauka mai kamado yana gashinsa a tsakiyar hunturu, lokacin da murhun ƙarfe ya kasa riƙe zafi. Tangaran kuma ba ya tsatsa.

Akwai kuma abin da ya wuce girki. Masu murhun sun zama kamar 'yan ƙungiya ɗaya, suna musayar dabaru a intanet, kuma tun 1998 ake yin wani taron shekara-shekara a yankin Atlanta mai suna EGGtoberfest, inda masu murhun suke gasa abinci su raba wa mahalarta. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara wa kasuwar kayan gashi ƙarfi gaba ɗaya, kamado ma ya samu rabonsa. Ba zan ɓoye ba, akwai masu sayensa don a gani a farfajiyarsu, amma farin jininsa ya girmi wannan yayi.

Waɗanne irin girke-girke ne ake iya yi a cikinsa?

Zafinsa yana kamawa daga kimanin digiri 100 a ma'aunin Salshiyos har zuwa kusan 400, kuma kowane mataki da aikinsa. A ƙasa, tsakanin 107 da 120, ake yin gashin sannu irin na kudancin Amurka, inda ƙirjin saniya ko haƙarƙari yake shafe awa 10 ko fiye a cikin hayaƙi mai sauƙi. Sirrin wannan gashi shi ne jijiyoyin da suke sa nama tauri sukan narke idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 90 zuwa 95 a hankali, su koma wani danƙo mai daɗi irin wanda ake ji a farfesun ƙafar saniya da ya dahu sosai. A tsakiya, daga 160 zuwa 200, murhun yana zama kamar obin, ana gasa kaza sukutum, cinyar rago, dankali, kifi, har da burodi da kek. A sama, daga 300 zuwa gaba, ake gasa fiza a kan faifan dutse cikin mintuna kaɗan, ko a babbake yankan nama mai kauri ta yadda bayansa zai yi ja cikinsa yana da taushi.

Abin da yake ba da damar wannan sauyi shi ne wani faifan tangaran da ake sakawa tsakanin garwashi da raga. Idan yana ciki, harshen wuta ba ya taɓa abinci, zafi yana zagayowa ta gefe ne, kuma ana iya ajiye tire a kansa ya tari kitse. Idan an cire shi, nama yana fuskantar garwashi kai tsaye. Wanda ya sayi murhun bai sayi wannan faifai ba ya sayi rabin murhu. Ana kuma iya ɗora tukunyar ƙarfe mai nauyi a ciki a dafa wake ko miya, ta ɗauki ɗan ƙamshin hayaƙi.

Zai yi tsire da balangu da kilishi?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya dalla-dalla. Balangu yana yin kyau ƙwarai a cikinsa, haka ma gashin kaza da na zabo. Na taɓa sa kafaɗar rago a ranar Babbar Sallah bayan an sauko daga idi, na shafe ta da gishiri da citta da tafarnuwa da ɗan man gyaɗa, na tsayar da allurar ma'auni a kan digiri 135, ƙofar ƙasa a buɗe kamar faɗin ɗan yatsa, ta sama kuma ƙasa da haka. Ban ƙara gawayi ba, ban juya naman ba. Bayan la'asar da na kama ƙashin kafaɗar na ja, sai ya zare fes ba tare da wuƙa ba, muka barbaɗa yaji muka ci da albasa. Shawara ɗaya a nan ita ce kada a sa yajin ƙuli-ƙuli tun farko a doguwar wuta, domin gyaɗa tana ƙonewa ta yi ɗaci, a bari sai ƙarshe.

Tsire kuwa, a ganina, tukuba ta fi dacewa da shi. Naman tsire siriri ne, yana son mai gashi ya tsaya a kansa yana juyawa, yana yayyafa mai, yana matsar da wannan tsinke kusa da wuta yana janye wancan. Kamado an yi shi ne domin a rufe murfi a ƙyale shi, kuma idan aka bar shi a buɗe iska takan kwararo, wuta ta haukace. Zai gasa tsiren, amma babu abin da zai ƙara masa da wayar gashi ta kuɗi kaɗan ba za ta yi ba. Kilishi aikin rana ne da iska, shanya ce ginshiƙinsa, kamado bai wuce ya yi ɗan gashin ƙarshe ba. Bandar kifi mai zafi, wadda za a ci a kwana ɗaya ko biyu, tana yiwuwa sosai, amma ƙyafewar da ake yi don ajiya ta watanni tana buƙatar iska mai busarwa, wadda shi kuma aka gina shi don ya hana.

Yaya ake kunna shi a daidaita zafinsa?

Ana fara motsa tsohon gawayi domin toka ta zube, a tabbatar ramukan kasko ba su toshe ba, sannan a cika da sabo, manya a ƙasa. A buɗe ƙofar ƙasa gaba ɗaya, a kunna wuta a wuri ɗaya a tsakiya idan gashin sannu za a yi, ko wurare uku idan wuta mai ƙarfi ake so. Bayan kamar minti 10, idan garwashi ya kama, a rufe murfi a buɗe ƙofar sama, a zuba wa allura ido.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne barin zafi ya zarce inda ake so. Hawa yana da sauƙi, sauka kuwa tana da wuya, domin bangon da ya ɗauki zafi ba ya sakin sa da wuri, kuma mutum yana iya shafe awa guda yana jiran ya huce. Saboda haka idan ana neman digiri 120, a fara rage ƙofofin tun allura tana kan 90, a bar ta ta ƙarasa a hankali. Idan ta tsaya, a ƙara ba shi rabin awa bangon ya ɗumama sosai kafin a ɗora nama. A lura da hayaƙi kuma: fari mai kauri da yake fita da farko yana sa nama ɗaci, sai ya koma siriri mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa, sannan murhun ya shirya. Bayan haka duk gyaran da za a yi wa ƙofa ya zama kaɗan ne, kamar kaurin tsinken ashana, kuma a jira minti 15 kafin a sake taɓawa. Yawan ɗaga murfi don leƙe yana ba wutar iska, ya rushe duk abin da aka daidaita.

Wane gawayi ne ya dace, kuma ana iya kunnawa da kananzir?

Gawayin itace tsantsa mai nauyi, manyan gutsattsari, shi ne daidai. Dunƙulen garin gawayi da ake haɗawa da sitaci yana barin toka mai yawa wadda take toshe hanyar iska a tsakiyar dogon gashi. Wanda yake ƙasar Hausa ya san darajar gawayin ƙirya da maƙera suke nema saboda ƙarfin wutarsa, kuma irin wannan nauyi ake so, sai dai a tankaɗe garin da tsakuwa, a kuma guji wanda bai gama ƙonewa ba. Tsimin gawayin da murhun yake yi ba ƙaramin abu ba ne a yankin da sare itatuwa yake cinye dazuzzuka.

Kananzir da fetur kuwa kada su kusance shi ko sau ɗaya. Cikin tangaran ɗin ba a shafe shi da ƙyalli ba, yana tsotse abin da ya taɓa shi, kuma warin zai riƙa fitowa a cikin abinci tsawon lokaci. Leda da roba ma haka. Takarda da aka ɗiga wa man girki ta isa. Don ƙamshin hayaƙi Amurkawa sukan jefa gutsuren itacen tuffa ko na oak a cikin gawayi, kuma busasshen itacen gwaba ko na lemu yana yin wannan aiki. A nisanci katakon da aka yi wa fenti, da duk tsiro mai farin ruwa irin tumfafiya.

Akwai haɗarin da ya kamata a sani?

Akwai guda uku, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauke su da gaske. Na farko shi ne tsalle da wuta take yi idan an ɗaga murfi farat ɗaya. Idan murhu ya yi zafi sosai, aka kuma rage masa iska, gawayin yakan tara hayaƙi mai kama wuta wanda iska kawai yake jira, kuma da zarar an buɗe sai harshen wuta ya yi tsalle waje. Ya taɓa faruwa da ni wata rana bayan gashin fiza, wutar ta lashe gashin hannuna har gwiwar hannu cikin ƙiftawar ido, kuma da fuskata na kusa da abin ya fi haka muni. Maganinsa shi ne a ɗaga murfin kamar faɗin yatsu biyu, a dakata, a mayar, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a buɗe gaba ɗaya, mutum yana tsaye a gefe da safar hannu mai kauri.

Na biyu shi ne iskar guba da gawayi yake fitarwa, kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda take kashe iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. Ba a kunna kamado a ɗaki ko gareji ko zaure, ko da taga a buɗe take, kuma ba a shigar da shi ciki don jin ɗumi bayan an gama. Na uku shi ne nauyi da zafi: gindinsa yana iya ƙona teburin katako idan babu tazara a tsakaninsu, kuma idan ana tura shi a kan tayoyi ya ci karo da dutse yana iya kifewa ya tarwatse. A ja shi, kada a tura, kuma kada a motsa shi da wuta a ciki. Yara su yi nisa da shi har sa'o'i bayan an rufe.

Ta yaya za a san nama ya gasu tunda ba a buɗewa?

Da ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa a tsakiyar nama. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ba da ƙa'idar digiri 74 ga kaza, 71 ga niƙaƙƙen nama, da 63 ga yankan naman sa ko rago tare da hutun minti uku. Hayaƙi yakan bar wani jan zobe a ƙarƙashin fatar nama ko da ya gasu, don haka launi ba abin dogaro ba ne. A dogon gashi kuma zafin cikin nama yakan tsaya cak a wajen digiri 65 zuwa 75 na sa'o'i, saboda danshin da yake fita yana sanyaya shi kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Ba lalacewa murhun ya yi ba, kuma naɗe naman a takardar gashi yana gaggauta wucewar wannan mataki.

Yaya ake kula da shi, kuma yana fashewa?

Kulawarsa kaɗan ce. A kwashe toka bayan gashi biyu ko uku, a goge raga tana da ɗumi, a duba kusoshin ɗamara lokaci-lokaci domin zafi yana sassauta su. Ba a wanke cikinsa da ruwa da sabulu. Idan maiƙo ya taru, ko funfuna ta fito bayan ya daɗe a rufe da damina, sai a hura shi zuwa kimanin digiri 300 na awa guda, komai ya ƙone ya zama toka. Gaskit ɗin baki yakan cinye, ana ɓare shi a liƙa sabo.

Fashewa tana zuwa ne ta hanya biyu, faɗuwa ko sauyin zafi na farat ɗaya, kamar a watsa ruwa a kan garwashi don kashe wuta. Kaskon ciki shi ya fi tsagewa, shi ya sa ake yi masa tsaga tun daga masana'anta domin ya samu wurin buɗewa, wasu kamfanoni kuma suke yin sa gunduwa-gunduwa. Siririyar tsaga a kasko ba ta hana aiki. Tsaga a gindi ko murfi ita ce matsala.

Wane girma ya kamata a saya, kuma kuɗin ya cancanta?

Idan aka ɗauki Big Green Egg a matsayin ma'auni, ƙaraminsa yana da raga mai faɗin kimanin santimita 25 da nauyin kilo 18, wanda aka fi saya yana da santimita 46 da kilo 73, mafi girma kuma ya kai kusan kilo 170. Mai santimita 46 yana ɗaukar kaji uku ko huɗu, ko cinyar rago guda, ya wadatar da matsakaicin iyali. Gidan da ake tara mutum talatin ranar suna ba zai ƙoshi da shi ba, domin faɗin ragarsa bai kai na rabin durom da masu gashi suke yankawa ba.

Kuɗin mai santimita 46 a Amurka ya haura dala 1,000 kafin a sayi ƙafa da faifai, alhali murhun ƙarfe na Weber mai siffar ƙwallo, wanda George Stephen ya ƙirƙira a 1952, ana samun mai sauƙinsa a ƙasa da dala 200, kuma a hannun gwani yana fitar da nama mai daɗi. Akwai kuma masu siffar kamado da aka yi da ƙarfe ninki biyu, irin Akorn, sun fi araha da sauƙin ɗauka, sai dai suna tsatsa. Hukuncina shi ne, wanda yake gashi kowane mako, yake son dogon gashi da burodi, kuma yake da wurin da murhun zai zauna shekaru ba a motsa shi ba, zai ci moriyar kuɗinsa. Ɗan haya mai yawan ƙaura, ko wanda ba ya kunna gawayi sai Sallah zuwa Sallah, gara ya sa kuɗin a nama mai kyau da ma'aunin zafi. Wanda zai yi odarsa zuwa Najeriya ko Nijar kuma ya lissafa kuɗin dako da na kwastan, da cewa kaya ne mai fashewa, da wahalar samun kasko idan nasa ya karye.

Idan na hannu ne fa?

Ana samun su da rangwame mai yawa, kuma tangaran ba ya tsufa da wuri. A fitar da kayan ciki a haska gindi da tocila, a ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa a ji ko ƙarar a tsaye take, a rufe murfi a kan takarda a ja a ga ko ya kama ta ta kowane gefe. Garantin da manyan kamfanoni suke bayarwa a kan tangaran yawanci na mai sayen farko ne. Musulmi kuma ya tambayi abin da aka riƙa gasawa a ciki, domin naman alade yana cikin abin da aka fi gasawa a irin wannan murhu a Amurka da Jamus, kuma bangon yana shan maiƙo. Ana iya canza raga da faifai da gaskit a kuma ƙone cikin da wuta mai ƙarfi, hukuncin tsarkinsa kuwa a nemi malami.

Maginan tukwanenmu za su iya yin irinsa?

Siffar ba za ta gagare su ba, wanda ya iya gina randa da tanderu ya iya gina wannan. Matsalar ita ce wadda Ed Fisher ya fuskanta da farko: yumɓun da aka gasa a buɗaɗɗiyar wutar kara da itace ba ya jure hawa da saukar zafi sau ɗaruruwa. Na zamani ana haɗa su ne da ma'adanai masu jure wuta, a gasa su a rufaffen murhu da ya wuce digiri 1,000. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Najeriya, domin a cibiyar koyar da ginin tukwane da wani magini Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a Suleja a farkon shekarun 1950, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, an riƙa gasa tangaran mai ƙyalli a irin wannan zafi, kuma a can Ladi Kwali, wadda hotonta yake kan naira 20, ta yi aikin da ya kai sunanta duniya. Ɗamara da hinji da ƙofofin iska kuwa aikin kwana biyu ne ga mai walda. Wanda yake son gwadawa da tukunyar gida ya fara da ƙaramar wuta, kada ya wuce digiri 150 a gashin farko, ya sa kasko daban a ciki domin garwashi kada ya taɓa bangon waje, kuma ya ɗaure bakin tukunyar da waya tun kafin ta nuna alamar tsagewa.